Kujerar Uwar Amarya

Johnstown, Pennsylvania
Maris, 1983

Zuwa ga Yaya Marlene,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da DeLoy da yaran duka. Mu nan lafiya lau, sai dai ciwon bayan Walt da ya sake tashi tun da aka rufe masana'antar ƙarfe. Ni na ce masa zaman kujera ne, shi ya ce tsufa ne.

Bayan haka, ki yi wa mijinki godiya. Abokinsa ya cika alkawari, an ɗauki Walt aiki a ramin kwal na Alder Creek, can Utah. Da an rufe makaranta za mu taso. Denise ta daina cin abinci da mu, wai an raba ta da ƙawayenta ana saura shekara guda ta gama sakandare. Na ce mata ta yi kukanta ta gama, ubanta ba zai ci gaba da zama a falo yana kallon bango ba.

To Yaya, ke ce kika auri ɗan Mormon kika shiga addininsu, kin fi shekara ashirin a cikinsu. Ni ban san komai a kansu ba sai abin da matan cocinmu ke faɗa, kin kuma san bakinsu. Misis Petrak ta tare ni bayan sujada, wai in riƙe Walt da kyau kada ya tara mini mata uku. Na ce mata ɗayar ma da ƙyar yake iyawa da ita.

Ki rubuto mini gaskiya, me zan tarar a can? Kada ki shafa mini zuma a baki, na san halinki na gyara zance. Ni 'ya ɗaya gare ni, ina so in san inda zan kai ta.

Ƙanwarki,
Rita


Gonar Sorensen, Idaho
Afrilu, 1983

Ƙanwata Rita,

Wasiƙarki ta iso, na yi murna har na karanta wa DeLoy a kan teburin abinci. Muna lafiya, ana ta shirin shukar dankali, ƙaramin namu ne dai ke fama da mura. Ki gai da Walt, ya riƙa gasa bayan nan da ruwan zafi.

Ki gaya wa Misis Petrak an bar zancen mata uku tun zamanin kakanni, ta nemi wani labarin.

Ga abin da za ki tarar. Ranar da motar kayanku ta tsaya, kafin Walt ya kashe inji za ki ga maza sun cika ƙofar gida, su shigar da komai, ba za su karɓi ko sisi ba. Mata za su biyo baya da burodi mai zafi da dankali da cuku. Ki karɓa ki yi godiya, kada ki tsaya neman abin da ke bayansa kamar yadda kika saba.

Lahadi komai a rufe yake, ki yi cefanenki tun Asabar, kuma kada Walt ya tayar da injin yankan ciyawa ranar. Litinin da yamma kowa yana gida da iyalinsa, ba a buga wa mutum ƙofa. Gahawarki ki taho da ita, ki sha a kicin ɗinki, mu ba ma sha. Giyar Walt ma ya sha a bayan gida, ba a baranda ba. In an tambaye ki, ki ce ke 'yar Katolika ce, shi ke nan. Ba wanda zai taɓa miki addininki.

Denise kuwa ki kwantar da hankalinki. Za ta samu ƙawaye na kirki, ba taba, ba shaye-shaye, ba yawon banza. Wata rana za ki gode mini. Ga shi tsakaninmu zai zama tafiyar yini ɗaya a mota, ba kamar da ba.

Yayarki mai ƙaunarki,
Marlene


Alder Creek, Utah
Oktoba, 1983

Yaya Marlene,

Ina gaisuwa, da fatan kun kwashe dankali lafiya. Muna nan da rai. Bayan Walt ya daina ciwo tun da ya koma aiki, kin ga ni ce mai gaskiya.

Duk abin da kika faɗa ya faru, ban ce kin yi ƙarya ba. Mazan sun zo, har da wani tsoho mai furfura da ya hana Walt taɓa firjinsa. Maƙwabciyarmu LaRue Mortensen ta kawo burodi da wani koren abu mai rawa a faranti, da karas a cikinsa. Walt ya tambaye ni ko ci ake yi ko kallo.

Amma akwai abin da kika bari a cikinki. Ba ki gaya mini cewa a garin nan kowa ɗan'uwa ne ko 'yar'uwa ba, ban da mu. A kanti za ki ji 'Yar'uwa Mortensen, Ɗan'uwa wane, in aka zo kaina sai a gyara murya a ce Misis Hudak. Ba wanda ya taɓa zagina. Da ma a zage ni in rama, da na fi jin daɗi. Murmushi ne kawai safe da yamma, har na haddace haƙoran mutanen garin nan.

LaRue tana zuwa duk wata, ta zauna ta tambayi lafiyata, ta tambayi Walt. Na ɗauka ƙawa na yi. Rannan na ce mata, "LaRue, ke kam ba kya mantawa da ni."

Ta ce, "Ai kina cikin gidajen da aka ba ni in riƙa dubawa."

Ko a jikinta ta faɗa, tana murmushi. Ashe ni aiki ce, Yaya, kamar sharar coci. Na tashi na dafa gahawa na zauna a gabanta na sha har kofi biyu, don dai in huce.

Cocinmu kuwa sai mun yi tafiya mai nisa, Fada ɗaya ne, limaminmu, ke zagaya garuruwa, mu da wasu iyalai 'yan Meziko masu kiwon tumaki.

Denise ce ke damuna. Da farko ba mai zama kusa da ita a motar makaranta. Yanzu 'yan matan LaRue sun ja ta, tsakiyar mako wasa a zauren cocinsu, Asabar rawa a can dai. Komai na garin nan a wannan zauren ake yi, har ƙwallo. In na hana ta, ta zauna a ɗaki ita kaɗai. In na bar ta, ban san abin da ake zuba mata a kunne ba. Na bar ta, don na gaji da jiyo kukanta ta bango.

Rita


Alder Creek
Janairu, 1986

Marlene,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Kin san dalilin da ya sa tun baftismar Denise katin Kirsimeti kawai kike samu daga wurina. Yarinya ta cika sha takwas ta ce ta zaɓi cocinku, na haɗiye, duk da na ga farar rigar da aka tsoma ta a ruwa da ita, na kuma gane ɗinkinki. Ban ce komai ba. Da Kendall ɗan LaRue ya dawo daga wa'azinsa na Brazil ya fara zarya a ƙofarmu, nan ma ban ce komai ba. Yaron kirki ne, a tsaye yake gai da Walt. An sa biki watan Yuni.

Jiya na shiga gidan LaRue mu tsara abubuwa, na same ta tana kwaɓa fulawa. Na ce, "Ta wane gefe mutanen amarya za su zauna? Muna da baƙi daga Pennsylvania."

Ta tsaya, ta goge hannu a jikin riga. "Rita, Denise ba ta yi miki bayani ba?"

"Bayanin me?"

"Ai ba a cocin gari za a ɗaura ba, a haikali ne. Can kuwa sai mai takardar shiga daga bishop, shugaban cocinmu."

Na ce, "To a ba ni takardar mana. Ina ofishin nasa?"

"Ba a ba wanda ba namu ba," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Amma akwai ɗakin jira mai kyau, kujerunsa da laushi. Da yamma kuma akwai liyafa, ke ce ma a gaba a layin gaisuwa."

Kujeru masu laushi, Marlene! Na fito ban ko rufe mata ƙofa ba. Na tarar da Denise a kicin na ce, "Gaskiya ne ba zan ga aurenki ba?" Ta fashe da kuka, ta ce, "Mama, na rasa yadda zan gaya miki ne. Inna Marlene ta ce in bari sai an sa rana, lokacin kin saba da Kendall."

Ashe har da ke aka dafa. Kuna ta wasiƙu tsakaninku, ni ina nan ina auna labule don ɗakin amarya.

Walt tun wancan mako yake gwada tafiyar miƙa amarya a falo, ya saƙalo tsintsiya a hannu a maimakon Denise, yana tambayata ko yana sauri da yawa. Na gaya masa abin da LaRue ta ce. Ya fita ya zauna a cikin mota har abinci ya huce.

Abu ɗaya nake nema a wurinki, tunda maganarki ce ke shiga kunnenta yanzu. Ke da kika yi naki auren, a gaban alƙali aka ɗaura a Johnstown, Mama na zaune a gaba da hularta mai fure, ni ina riƙe miki furanni. Daga baya kuka je haikalinku kuka yi abin da za ku yi. Ki gaya wa Denise ta yi haka. A ɗaura a inda ubanta zai kama hannunta, washegari su tafi haikalin su kwana a ciki in suna so.

Rita


Gonar Sorensen
Fabrairu, 1986

Ƙanwata Rita,

Na gaishe ki da Walt. Muna lafiya, sai ƙanƙara da ta rufe mana hanya, shi ya sa wasiƙarki ta daɗe a gidan waya kafin DeLoy ya ɗauko. Kada ki ce shiru na yi miki da gangan.

Na ji zafin da ke cikin maganarki. Amma abin da kika nema ba ya yiwuwa yadda kike tsammani. In suka ɗaura a waje, ba washegari za su shiga haikali ba, sai sun jira shekara guda cur. Haka tsarin yake. Ni lokacin ban ma yi baftisma ba, dole ce ta sa muka yi haka. Su kuwa duka biyun sun cancanta. In yaron da ya dawo daga wa'azi ya yi aure a gaban alƙali, kin san abin da garin zai ce? Za a ce wani abu ya faru tsakaninsu, mata su fara kallon cikin Denise. A wannan garin za ta zauna, Rita, da wannan kallon.

Kuma ki gane abin da yake a wurinta. Auren waje sai mutuwa ta raba. Wanda ake ɗaurawa a haikali har bayan mutuwa yana nan, ita da shi da 'ya'yan da za su haifa. Yarinyar da ta yi imani da wannan, ta yaya zan ce mata ta ajiye shi shekara guda, a kan hanyoyin nan namu masu santsi da hatsari zai iya ɗauke ɗayansu kafin lokacin?

Na ce ta jinkirta gaya miki ne don na san ki, kina ji za ki kori yaron tun kafin ki san shi.

Abu ɗaya dai kada ya dame ki, ba za ta shiga ita kaɗai ba. Kowace amarya tana da macen da ke raka ta, ta shirya ta, ta zauna kusa da ita. Yawanci uwa ce. Denise ta roƙe ni, na kuma amsa, ni zan zauna mata a kujerar uwa.

Yayarki,
Marlene


Alder Creek
Fabrairu, 1986

Marlene,

Ba ni da gaisuwa yau.

Kujerar uwa. Har kin iya ɗaukar biro ki rubuta mini wannan, ki liƙa kan sarki, ki aiko gidana. Ke kika yi naƙudarta? Ke kika zauna a bakin gadonta a asibiti lokacin da ciwon huhu ya kusa ɗauke ta tana 'yar shekara huɗu? 'Ya'ya shida Allah ya ba ki, tawa guda ɗaya ce ta tsone miki ido. Kin ɗinka mata rigar baftisma a ɓoye, kin koya mata ta rufe ni, yanzu kuma kujerata. Me ya rage, sunana?

Wai gari zai yi magana. Wane gari? Masu murmushin? Kunyar su ake ji, ni da na haife ta ba a jin tawa? In aka ga uwar amarya a tsaye a waje kamar mai jiran mota, wannan ba abin magana ba ne a wurinku, don kun saba gani.

Sai zancen wai auren waje sai mutuwa ta raba. To na Mama da Baba fa? Shekara arba'in da wani abu suna tare, a kabari ɗaya muka sa su. Kina nufin yanzu a can in sun haɗu ba su san juna ba, don ba su da takardar bishop? Ni da Walt ma haka? Ki riƙe wannan wa'azin ki kai Brazil.

Na tambaye ki tun ina Johnstown, na ce me zan tarar, na ce 'ya ɗaya gare ni. Kika ba ni labarin burodi da injin yankan ciyawa. Layi ɗaya ya isa, Marlene. Ki ce, in 'yarki ta auri ɗan garin, a waje za ki tsaya. Da na san haka, da na bar ta wurin 'yar'uwar Walt ta gama makarantarta a gida.

Denise ta ce ba za ta canza ba. Na yi faɗa, na yi roƙo, har na durƙusa mata a kicin, abin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ta durƙusa ita ma tana kuka, amma ba ta canza ba.

Ki zo ki zauna a kujerar. Allah ya sa da laushi.

Rita


Gonar Sorensen
Afrilu, 1986

Rita,

Ina gaisuwa ko ba za ki amsa ba. Muna lafiya.

Na rubuto miki, shiru. Na sake rubutowa, shiru. Na buga waya, Walt ya ce kina wanka. Na sake bugawa, kina wanka. Ba mai wanka tun Fabrairu, Rita.

Ke kaɗai kika iya fushi? Tun da na bar Johnstown nake aika muku kati da hotunan yara, ba wanda ya taɓa tambayata sau ɗaya abin da na yi imani da shi. Sai ba'a, sai zancen mata uku. Ban sace miki 'ya ba. Yarinyar da ba mai zama kusa da ita a mota ce ta rubuto mini, don in ta buɗe baki a gida sai ki ɗaga murya kafin ta kai ƙarshen magana. Na amsa mata. Da kin fi so in yi banza da ita?

Lokacin da kika tambaye ni me za ki tarar, shekararta sha bakwai, tana kukan ƙawayenta. Ni boka ce da zan san wanda za ta aura?

Zancen kujera kuwa, kin karanta da idon fushi. Ban ce ni ce uwarta ba. Na ce ba za ta shiga ba kowa ba, don na ɗauka abin da zai fi ci miki rai ke nan. Ashe na yi kuskure, kanki kike tunani.

To na yanke shawara. Na buga wa Denise waya na gaya mata ba zan shiga ba. LaRue za ta raka ta. Ni zan tsaya a waje tare da ke da Walt har su fito. DeLoy bai ji daɗi ba, Denise ta yi kuka, amma na gama magana. Ba zan rasa ƙanwata a kan kujera ba.

Marlene


Alder Creek
Mayu, 1986

Marlene,

Na samu. Walt yana gaishe ki, ni dai ga abin da zan ce.

Wa ya roƙe ki? Tun ranar da kika buga wayar nan idon yarinyar nan a kumbure yake, sai da wasiƙarki ta zo na gane dalili. Kina so ta shiga ɗakin nan dangin Mortensen sun cika kujeru tun daga kakanni, ita ba ko mutum ɗaya mai jininta? Uwar miji ce za ta ɓalla mata maɓallin riga? Matar da ke duba mutane don an ba ta aiki?

Ni hana ni aka yi. Ke kuwa za ki hana kanki ne don ki wanke kanki a wurina, yarinya ta biya. Ba na son rakiyarki a waje. Ni da mijina mun isa tsayuwa.

Za ki shiga. Ki buga mata waya yau ɗin nan ki gaya mata. Ki tabbata ta ci wani abu da safe, jiri na ɗibarta in ba ta karya ba, kuma za ta ce miki ta ci alhali ƙarya take yi. Kada ki bar LaRue ta taɓa mata gashi, na ga yadda take yi wa nata 'yan matan.

Kada ki ɗauka shiryawa muka yi.

Rita


Alder Creek
Yuni, 1986

Marlene,

Da fatan kun isa gida lafiya. Baƙin Pennsylvania sun tafi jiya, gidan ya yi shiru.

A wurin bikin kalma biyu ce ta haɗa mu, na ce "Ta ci?" kika ce "Ta ci." Sauran ba zan iya faɗa a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Da kuka shige, wani tsoho mai fararen kaya ya fito ya ce, "Uwargida, ga ɗakin jira can, akwai sanyi." Na ce masa na gode, ƙafafuna lafiyarsu ƙalau. Muka tsaya a kan ciyawa a gindin tudun da haikalin yake kai, rana na dukanmu, Walt cikin kwat ɗin da ya sa a jana'izar Baba. Babu kowa a wajen sai ƙananan yara da 'yan matan da ke kula da su, su ma ba a shigar da su. Walt ya kalle su ya ce mini, "Kin ga sa'o'inmu." Na so in yi dariya, abin ya ƙi.

Na yi ta kallon tagogin, ina cewa ko wannan ce, ko waccan. Ban ma san ta wane gefe ɗakin yake ba. Walt ya riƙe mini hannu har yatsuna suka yi ciwo, na ƙyale shi.

Kin ga lokacin da ƙofa ta buɗe, kina bayan Denise. Ta sauko da gudu tana tattare riga, ta faɗa jikina ta ce, "Mama, na yi aure!"

Na ce, "Haka na ji."

Ban so maganar ta fita ba, amma ta fita. Na ga yadda fuskarta ta yi. Na rungume ta da ƙarfi don kada in sake cewa komai.

Da yamma a zauren nan nasu, ƙarƙashin ragar ƙwallo, na tsaya a layi na gaisa da garin kaf. Kowa ya zo sai ya ce, "Misis Hudak, ɗaurin auren nan ya yi kyau." Na ce musu ku kuka gani.

To tunda ke kika gani, ga tambayata. Na san akwai abubuwan da ba ku faɗa wa na waje, ban nemi waɗannan ba. Da aka tambaye ta, muryarta ta yi rawa? Ta waiga? Ta kalli kujerar nan ta neme ni? Abin da nake ta gaya wa kaina ke nan a kan ciyawar. Na taɓa tambayarki gaskiya kika gyara mini zance. Kada ki sake.

Rita


Gonar Sorensen
Yuli, 1986

Ƙanwata Rita,

Mun iso lafiya. Ki gai da Walt.

Na daɗe da takarda a gabana. Na fara rubuta miki abin da za ki so ki ji, sai na yage.

Ɗakin ƙarami ne. Sun durƙusa suna fuskantar juna, hannunta cikin nasa. Da aka tambaye ta, ta ce "I" da ƙarfi, har kakar Kendall mai ciwon kunne ta ji ta gyaɗa kai. Muryarta ba ta yi rawa ba. Ba ta waiga ba, Rita. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli kujerar ba. Shi kaɗai take kallo tun farko har ƙarshe, ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin haka ba.

Ni ce na yi ta kuka, har LaRue ta miƙo mini hankici.

Yayarki,
Marlene


Alder Creek
Agusta, 1986

Yaya,

Na samu. Ban nuna wa Walt ba.

Haka na rene ta, in ta sa abu a gaba ba ta waige. Daga wurina ta ɗauko, ba daga wurinku ba. Gara ta shiga gidan miji haka da ta shiga tana kukana.

Ta zo ranar Lahadi da mijinta, na dafa mata abin da take so, ban ce komai ba.

Kada ki rubuto tukuna. In na iya, ni zan neme ki.

Rita